Ranar da Na Yi wa Manaja Gyara

Shekarar da yayana ya gaji rumfar kwanukan babanmu a kasuwa, ni zaman benci na gada a unguwarmu ta Runjin Sambo. Rumfar ba ta ɗaukar baki biyu, kuma nawa ya fi nasa surutu. Kawuna na Wamakko ya aiko cewa idan damina ta faɗi ban sami abin yi ba, in tattaro in zo fadamar shinkafa. Ni kuwa na tsani laka, na tsani sauro, fartanya ma ba ma ga maciji da juna. Don haka da na ji wani babban kanti mai hawa biyu yana neman masu sayar da kaya, na goge rigata har ta kusa ƙonewa.

Kantin sanyi kamar firij, kowane kaya da farashinsa manne a jiki. Mutane suna tura kwandon sayayya shiru, sai ka ce zaman makoki. Har tausayi suka ba ni.

Manajar wata mata ce mai tabarau wadda dariya ba ta dame ta ba. Ta duba takarduna sama-sama, ta tambaye ni ko na taɓa sayar da wani abu. Na ce tun ina firamare nake sayar da kwano. Sai ta kai ni sashen kayan kicin, ta ɗauki butar shayi ta lantarki, ta ce in ɗauka ita mai saye ce.

Nan take na ji na dawo gida. Na gaishe ta, na tambayi maigida da yara da gajiya da zafin gari. Ta katse ni, ta ce, "Nawa ce butar?"

Na sa babban yatsa na rufe farashin, na faɗi ninkinsa.

"Ai ga shi nan a rubuce," in ji ta.

"Hajiya, wanda yar rubuta wanga bai san butar ba," na ce. "Ke dai taya mu ji."

Ta faɗi abin da ke rubuce. Na ce albarka, na karɓe butar na mayar da ita inda take. Ta juya za ta tafi. Na bar ta ta ɗan yi nisa, yadda babana ya koya mini, sannan na kira ta.

"Taho, Hajiya, kawo. Don ke ta, wallahi ko uwar kuɗi ban hidda ba."

Na miƙa mata butar, na farke wata leda ta cokulan shayi, na zaro biyu na ɗora mata. Na ce ga gyara, a gai da yara.

Ta dubi ledar da na farke, ta dube ni. Mai gadi ma ya ɗan matso. Ta yi mini bayani a hankali, kamar mai magana da mara lafiya: a nan ba tayi, ba gyara, kuma ba ruwan kowa da mijin kowa. In mai saye ya tambaya, ka nuna masa, ka yi murmushi.

"Za ka iya yin shiru?" ta tambaye ni.

Na tuna Wamakko, na ce sosai ma.

"Ba za ka iya ba," in ji ta. "Amma muna neman mai ɗaukar kwali a sito."

Na karɓa, don kwali ya fi laka. A gida Inna ta yi ta shelar cewa ɗanta yana aiki cikin sanyi, ban kuma gyara mata zance ba.

Ƙofar siton tana da ɗan gilashi, ta nan nake leƙen cikin kanti. Wata rana na hango wata tsohuwa ta ɗauki tukunya, ta ƙwanƙwasa gindinta, ta waiga tana neman wanda za ta taya wa. Ba kowa. Ta ajiye, ta nufi ƙofa tana rage sauri, tana jira a kira ta. Ina tsaye da kwalin sabulu a ka, bakina yana ƙaiƙayi, raina ya ɓaci ƙwarai. Ta kai bakin ƙofa, ta sake waigowa sau ɗaya, sannan ta fita.