Duna da Maharbin da Ya Kori Mutuwa

Ba mu da murhu a gidanmu na Aubervilliers. Abin da muke da shi wani farin ƙarfe ne manne da bango a ƙarƙashin taga, ruwan zafi yana bi ta cikinsa, muna ce masa shofaj. Nan Kaka take shimfiɗa dardumarta bayan sallar magariba, ta jingina bayanta da shi, ta miƙe ƙafafu. Takan ce wutar Turawa ba hayaƙi, ba albarka, ko gyaɗa ba ka gasawa a kanta. Amma ba ta yarda kowa ya riga ta wurin.

Daga Maradi Baba ya ɗauko ta don a duba wani ciwo da ke cin ta a ciki. An ce wata uku za ta yi, sai ga shi ta shekara biyu. Ni da ƙanwata Hasiya a Faransa aka haife mu, Hausarmu duk ta cakuɗe da Faransanci, Kaka ta ce maganarmu kamar kunun da aka dama da ruwan sanyi. Da tatsuniya ta gyara mana baki. In ta gyara zama sai ta ce, "Ga baƙuwa nan tafe, ku buɗe mata ƙofa." Mu kuma mu ce, "Ta shigo ta sha ruwa." Daga nan sai gidanmu na hawa na shida ya ɓace, mu tsinci kanmu a bakin rijiya ko a gindin kuka, tare da kura da gizo da 'yan mata masu taurin kai. Tana da muryoyi da yawa a maƙogwaronta. Har yau ban ji wanda ya iya kukan kura kamar ta ba.

A bayan gilashin ƙofar baranda kuwa, Duna ne kwance yana kallonmu. Baƙin kare ne babba. Baba mai gadi ne a manyan ɗakunan ajiyar kaya na unguwarmu, kuma da Duna ya yi aikin shekara tara. Wata rana ɓarayi suka zo da sandar ƙarfe, bugun da aka auna kan Baba ya sauka a ƙugun Duna. Tun daga ranar yake ɗingishi. Da Baba ya bar gadi ya koma tuƙin motar kaya a Rungis, abokansa suka ce ya rabu da karen, ya ce bai iya ba. Mama ta kafa sharaɗi cewa ba zai taka inda ake salla ba, Baba ya ƙera masa akwatin katako a baranda. Kaka ko kallonsa ba ta yi. In za a fita da shi ta falo, sai ta tattare zanenta ta juya fuska bango.

Ni kuwa nawa ne. Ni nake tsefe masa gashi, ni nake satar masa nama daga miya, shi nake gaya wa abin da 'yan ajinmu suka ce mini a lekwal, wato makaranta.

A hunturun da na cika shekara goma, Duna ya lalace. Ƙafafunsa na baya suka daina ɗaukarsa, idanunsa suka yi fari kamar an ɗiga musu nono. Wani ƙulli da ke cikinsa ya fashe, yana ruwa, yana wari. Baba yakan rungume shi ya sauka da shi hawa shida don ya kewaya, ya sake hawowa da shi yana haki. Ranar da suka dawo daga wurin likitar dabbobi, na ji Baba yana gaya wa Mama a kicin, da Faransanci don kada Kaka ta ji, cewa likita ta ce lokaci ya yi. Allura ɗaya ce, zai yi barci, shi ke nan. Ran Asabar za a kai shi.

Na faɗa kicin ɗin na riƙe ƙafar Baba. Na yi kuka har na yi amai. Na ce masa maci amana, na ce karen da ya karɓar masa bugu shi zai kashe. Baba mutum ne da bai iya ganin hawayena ba.

"Ya isa, Balki, ya isa. Ba za a kai shi ba."

"Ka rantse."

"Wallahi ba zan kai shi ba sai ke kin yarda."

Da na juyo, Kaka tana bakin ƙofa da tasbaha a hannu. Ba ta jin Faransanci, amma wallahi ba ya bukatar tafinta.

Da magaribar ranar ta kira mu kamar kullum. Muka buɗe wa baƙuwa ƙofa, muka ba ta ruwa. Sai dai Kaka ba ta sauya murya ba ko sau ɗaya, da muryarta ta kullum ta ba da labarin.

Wai an yi wani maharbi da ke da kare, karen ya taɓa ƙwace shi daga ƙahon ɓauna. Suka tsufa tare. Rannan da hantsi sai ga wata doguwar mace a ƙofar gidansa, ta ce ita ce Mutuwa, ta zo ɗaukar karen. Maharbi ya ɗana baka ya harba, kibiya ta kafe bakin zanenta a ƙasa. Ya ce ba zai zare ba sai ta rantse ba ita ba karensa. Mutuwa ta yi dariya ta ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. Na rantse, har abada." Ya zare kibiyarsa, ta tafi, ya kwana yana murna.

Shekaru suka wuce. Haƙoran kare suka zube, idanunsa suka mutu, fatarsa ta saluɓe, tsutsa ta shiga namansa. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya mutuwa. Kukansa ya kori maƙwabta, warinsa ya kori matar maharbi. Daga ƙarshe maharbi ya rataya gora ya shiga duniya neman Mutuwa. Ya same ta a wani gari tana zaune a bakin ƙofar mai jego, tana jiran lokaci. Ya durƙusa ya roƙe ta. Ta ce, "Ni ba na cin rantsuwa. Abin da nake yi a ɓoye cikin sauƙi, je ka yi shi a fili da hannunka."

Ya dawo gida ya ɗauki taɓarya. Makahon kare ya ji ƙanshin ubangidansa, ya kaɗa wutsiya. Maharbi ya rufe ido ya buga. Ya buɗe ido, wutsiya tana kaɗawa. Ya sake bugawa. Rana ta faɗi yana bugu, gari ya waye yana bugu.

Nan Kaka ta tsaya. Hasiya ta riga ta cusa kanta a cinyata tana shessheƙa.

"Sai me ya faru?" na tambaya.

"Babu sai mi. Mutuwa ta rantse. Har yanzu shina can shina bugu. Na aje ta nan, mai ita ya ɗauka."

Na miƙe tsaye a kan Kaka, na faɗa mata abin da har yau in na tuna sai na ji ɗaci a bakina.

"Ke ma ai tsohuwa ce. Ke ma kina jiƙa katifa, na ga Mama tana wankewa. Ke ma kina wari. A kai ki a yi miki allurar mana!"

Mama ta fito da gudu hannunta a sama. Kaka ta ɗaga yatsa ɗaya.

"Bar ta. Gaskiya ta hwaɗi, bakin ne ƙarami."

Wannan ita ce tatsuniya ta ƙarshe da ta yi mana.

Kwana goma sha tara Duna ya ƙara saboda ni. Ya daina tashi gaba ɗaya. Kukansa ya koma wani siririn sauti kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba, ba dare ba rana. Maƙwabta suka turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa. Baba ya rame, yana kallona a wurin cin abinci, ni kuma ina kallon kwanona. Na daina fita baranda. Na daina tsefe masa gashi, don ba na son ganinsa. Ina dai so a ce yana nan.

Wata Laraba da rana, babu lekwal, Kaka ta kama wuyan hannuna. Ban san tana da sauran ƙarfi haka ba. Ta buɗe ƙofar barandar da ba ta taɓa takawa ba, ta ja ni har bakin akwatin, ta danna ƙeyata ƙasa. Warin ya buge ni. Duna ya tauna ƙafarsa ta baya har farin ƙashi ya fito, bargon da ke ƙarƙashinsa ya daskare da jini da fitsari. Ya ji ni kusa, ya yi ƙoƙarin ɗaga kai, kan ya koma ya bugi katako.

"Dube shi da kyau," in ji Kaka. "Wanga ba aikin tsufa ba ne, aikinki ne. Ke kika ɗaure, ke za ki kwance."

Na ce na yarda. Ta ce yarda a baki ba ta isa ba, da ni za a je.

Washegari muka kai shi. Likitar ta dube ni ta tambayi Baba ko yarinyar za ta jira a waje. Baba ya ce kakarta ta ce ta tsaya. Na riƙe kan Duna a kan teburin ƙarfe, ya lashi wuyan hannuna da busasshen harshe. Na fara karanta Fatiha a zuci, don ita kaɗai ta zo mini, ban kai ƙarshe ba likita ta ce an gama. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ashe ɗan wannan ne na hana shi kwana goma sha tara.

Da muka dawo, Kaka ba ta rarrashe ni ba. Ta sa ni wanke hannu sau bakwai, ɗaya da ƙasar da ta ɗebo daga tukunyar furen Mama. Na yi wata biyu ban gaishe ta ba. Shekara ba ta zagayo ba ta rasu a wani asibiti a Bobigny, ban yafe mata ba, ban kuma nemi gafararta ba.

Yanzu shekarata talatin da huɗu, ina aiki a kantin magani a Lyon. Bayan rasuwar Mama na ɗauko Baba ya dawo wurina. Ƙodarsa ta gaza, sau uku a mako ake ɗora shi a inji a wanke masa jini, ya dawo gida kamar tsumman da aka matse. A bara, muna zaune a benci a bakin kogi yana hutawa, na tayar da zancen Duna. Na ce har yau ban gane yadda tsohuwa za ta yi wa jikarta 'yar shekara goma irin wannan tatsuniya ba.

Baba ya girgiza kai.

"Ba ke ta yi wa ba, Balki. Ina tsaye a bayan ƙofar falo ina ɗaura takalmi, kuma ta san ina nan."

Shi ne ɗanta na fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ta yi masa magana ido da ido ba, kunya ba ta bari. Ashe tun kafin hunturun nan likitoci sun gaya masa ciwonta ya fi ƙarfin magani. Ta aiko Mama sau uku cewa a mai da ita Maradi ta mutu a ɗakinta, a rufe ta kusa da mijinta. Shi kuma ya ɗauke fasfonta ya kulle a wurin aiki, yana ce mata ana gyaran takardu. Ya bi da ita asibiti bayan asibiti. An yanka ta sau biyu. Watanninta na ƙarshe da roba a hanci ta yi su, hannayenta ɗaure da gado don kada ta fizge, a tsakiyar mutanen da ba su san ko sannu da Hausa ba. A wata maƙabarta a bayan Paris aka binne ta, tsakanin baƙi.

"Ke kwana goma sha tara kika yi kika saki," ya ce. "Ni ban saki ba. Kare ya samu abin da uwata ba ta samu ba."

Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar shi ne mutum ya san lokacin sakin abin da yake so. Yanzu na ga Kaka ba ta tsammanin wani zai koyi wannan. Abin da take nuna mana shi ne maharbin ba mugu ba ne, kuma hakan bai rage wa karen komai ba. Mai ƙaunarka yana iya yi maka abin da maƙiyi zai ji kunyar yi, ya kwanta ya yi barci, don a ganinsa ƙauna ce. Na fahimci wannan sarai, babu abin da ya shige mini duhu a ciki.

Ranar a benci, da Baba ya gama magana, ya share ido da bakin hularsa ya juyo.

"Ina son in ga damina a gida. Ina fasfona, Balki?"

A ƙauyenmu na ƙasar Maradi babu injin wanke jini. Shi ya sani, ni ma na sani. Na ce masa na kai a sabunta, kuma ya san halin ofis.

Fasfon yana cikin aljihun teburina a kantin magani, ƙarƙashin takardun odar kaya. Damina ta wuce, wata tana tafe. Yau da safe, ina ɗaura masa igiyar takalmi za mu asibiti, ya sake tambaya. Na ce mako mai zuwa, in sha Allahu. Ya dubi tsakiyar kaina na ɗan lokaci, sannan ya ɗora hannunsa a kai.

"To, Allah ya kai mu," ya ce. "Allah ya yi miki albarka."