Kamannin Ƙanena

Shekarun baya, a farin da ya ƙarar da dabbobi a ƙasar Damagaram, ƙane ɗaya gare ni, shi ma ya ɓace. Ya kora sauran shanunmu daga Dakusa ya yi kudu neman ciyawa, damina ta wuce ba labarinsa. Na je ɗauko mahaifiyata zuwa gidana a unguwar Kara-Kara cikin birni, inda akwai ɗan hatsi, ta ce ba ta ɗagawa, kada yaron ya dawo ya tarar da gida a rufe. Rumbunta kuwa babu ko zangarniya.

Lokacin ina dillancin fatu, kasuwa ta buɗe, don kullum dabba na faɗuwa. Na bar rumfa na shiga nema. Wani jandarma da na kai wa cigiya ya ce, "Faɗi kamanninsa." Na ce dogo ne, baƙi, kakkaura, da zane a kumatu. Ya yi dariya ya ce, "Malam, rabin Damagaram ke nan. Kauri kuma, wa ya rage da shi bana?" Ni da ke gane fatar akuya cikin tuli, na kasa siffanta ɗan uwana.

Na koma na faɗa wa tsohuwa. Ta ce, "Kai dai fata ka sani. Fuska ai yunwa ta canza ta. Hannunsa za ka nema, ba ya zama banza. Duk rijiyar da ya sha ruwa, sai ya gyara musu igiyar guga, ko ba a sa shi ba."

Na hau kamyo, babbar motar kaya, na riƙa sauka ƙauye-ƙauye ina duba igiyoyi kamar mai shirin saye. Mata na ta yi mini dariya. A wajen Garagumsa na ga wata igiya da sabon ɗauri na kaba, an tufka shi tsaf. Wata mai ɗiban ruwa ta ce, "Baƙon nan ne marar magana. Har ragar jakinmu ya ɗinke, bai karɓi komai ba sai fura."

Na same shi gindin gawo yana tufka. Wallahi da a hanya muka haɗu, da na wuce shi.

Ya ce, "Yaya, shanun duk sun mutu. Da wane ido zan dubi Inna?"

Na ce, "Tashi, sarkin igiya. Ba saniya take jira ba."

Tun ranar, in aka ce in faɗi kamannin mutum, ba na farawa da tsawo ko launi. Abin da yake yi ba tare da an sa shi ba, shi nake faɗa, kuma da shi nake zaɓen wanda zan yi ciniki da shi.

Shanu sun tafi, cinikin fatun shekarar ma wasu suka ci. Amma Inna ta hau kamyo zuwa birni, tana tsakaninmu.