Ɗigon Kande

A tashar Matameye nake hangenta, tsaye gaban sabuwar rumfar abinci, zane ɗaure tamau a ƙugu, bayan hannuwanta duk tabon ƙunar mai. Mai fenti yana kan tsani, yana rubuta mata allo da Ingilishi saboda direbobin Kano. Da gani ba ta iya karatu ba, amma idonta bai bar allon ba.

Ya rubuta sunanta, Kande, ya bar ɗan fili a sama.

"Nan fa, me ya rage?" in ji ta.

"Ɗan ɗigo mai wutsiya, Inna. A Ingilishi shi ke nuna wurin naki ne."

"To sauko, ba ni buroshin."

"Za ki ɓata min aiki."

"Na ce sauko."

Ina jin ta daɗe tana tuƙa tuwo a rumfar wasu. Ta tattare zane ta hau tsanin, ta dangwala buroshin a wurin. Ɗigon ya fito ƙato, a karkace, fenti na gangarowa.

Mai fenti ya ɗauko tsumma.

"Kada ka kuskura ka goge," ta ce. "Daga bakin titi nake so a hango shi."