Musun Boston a Makokin Mahaifinmu

Ranar sadakar uku ta mahaifinmu Yaya ya iso Miga daga Amurka, bayan shekaru rabonsa da gida. Muka matsa masa a tabarmar masu karɓar gaisuwa a ƙofar gida.

Tun da safe Baffa, aminin marigayin, ya ja ni gefe. Shi ne a kansa lokacin da rai zai fita.

"Ya bar wa yayanka saƙo," ya ce. "Kunnensa kaɗai ya ce in faɗa wa."

Ya koma gindin darbejiya ya zauna. Dattijo irinsa ba ya tasowa ya sami ɗan cikinsa. Ɗan ne zai je ya durƙusa. Kowa ya san haka, har Yaya.

Da hantsi wani abokin Yaya ya zo daga Dutse, shi ma ya taɓa karatu a Amurka. Ana shafa fatiha suka ɓarke da musu, wai wane birni ne a Amurka ya fi kama da Turai. Yaya ya ce Boston, saboda lunguna da gidajen jan bulo, ga shi mutum na iya yini yana yawo a ƙafa. Abokin ya ce ina, ai New Orleans ce, mai barandar ƙarfe irin ta Faransawa. Masu gaisuwa suna zuwa, a ɗaga hannu a yi addu'a, bakin Yaya na motsi, amma na san yana tanadin hujja ne. Takaici ya cika ni, na ji kamar in naɗe tabarmar da su a kai.

Sau biyu ina raɗa masa, "Yaya, Baffa na jiranka, saƙon Baba ne."

"To, bari mu ƙarasa."

Suka koma zancen San Francisco, suka hau tuddanta suka sauko. Bayan azahar Baffa ya ɗauki sandarsa, don kada motar Ringim, inda yake zaune, ta wuce shi. Na bi shi ina roƙo ya faɗa mini in isar.

"Amana ce, ɗana. Ba taka ba ce."

Washegari Yaya ya tafi, ya ce in ya dawo hutu zai je Ringim takanas. Da kaka Baffa ya rasu.

Da na sanar da Yaya ta waya, ya tambaye ni ko na san abin da Baba ya ce. Na ce masa mutum ɗaya ne ya sani, jiya muka binne shi.