Shafi na Uku da Kawu Bai Rubuta Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran Kawuna, yayan Ummata, bayan ya yi kwana tara yana jinya a asibiti. Ina makaranta a lokacin. Da na dawo na tarar da takalma sun cika ƙofar gida, na gane tun kafin a gaya mini.

Kawu, ka fi kowa sanin ba na iya magana a gaban mutane, shi ya sa kake kirana Shiru. Masu zuwa gaisuwa kowa ya faɗi alherinka, ni ko baki ban buɗe ba. Shi ne na ce bari in rubuta. Bara na gama firamare, in an ga kuskure a yi mini haƙuri.

Mutane sun san ka a ofishin haraji, inda ka yi shekara ashirin da takwas kafin ka yi ritaya. Ni kuwa a ƙaramin ɗakin nan na bayan falo na san ka, inda tsohuwar kwamfutarka take zaune a kan teburin keken ɗinkin Inna, matarka. Duk Asabar da rana, in na gama wanki, sai in zo. A nan ka koya mini wasan nan da sunansa na Turanci ya fi ƙarfin bakina. Mutum yana farawa a matsayin matafiyi, ya tara abokan tafiya, a ba shi ƙaramin gari ya riƙe, daga nan ya ci gaba zuwa ƙasashen da ke bayan dutse. Kai kana da naka wasan da ka ajiye, ni ma ka buɗe mini nawa. Ban taɓa ganin naka ba. Ka ce in na leƙa zan kwafa, kuma mai kwafa ba ya jin daɗin wasa.

Da ka ga Turancin yana ba ni wahala, ka sayo littafi mai koren bango, ka ce za ka rubuta mini abin da sabon shiga yake buƙata. Ka sa wa shafi na farko suna Abokan Tafiya, na biyu Haraji, na uku Allolin Wasa. Ka cika biyu. Na uku sai sunan kawai, ƙasansa fari fat. Ka tafi da amsar wata tambaya da na yi maka a kansu, Kawu. Wuri ɗaya ya rage da zan iya ganinta, wato cikin wasanka. Sai ga shi kwana huɗu da rasuwarka na ji Yaya Babba, babban ɗanka, yana cewa ranar Litinin zai kai kwamfutar wurin mai gyara, a goge komai, yaransa su riƙa aikin makaranta da ita.

Kafin in gaya maka abin da na yi, bari in faɗi abin da ka koya mini, don a sani.

Abokan tafiyar duk suna da sunayen Turanci, amma ka raɗa musu namu. Akwai Dogo mai takobi, da Tsohuwa mai magani, da Ɗan Sane wanda ke buɗe kowane kwaɗo. Ka rubuta cewa Tsohuwa a baya take tafiya, domin in ta faɗi kowa ya faɗi. Ka rubuta kada in haɗa Dogo da Ɗan Sane a gadi ɗaya, ba sa ga maciji, gari zai waye an rasa jakar wani. Wanda ka ja wa layi biyu a ƙasa shi ne: "In kun yada zango, ki je wurin kowa ki yi masa magana, ko ba ki da abin faɗa." Wannan ne na fi tsana. Nakan tsallake hirar in tafi wurin faɗa. Rannan na buɗe wasa na tarar Dogo ya tattara kayansa ya tafi. Na juyo na dube ka.

Ka ce, "Sati nawa rabon ki ce masa sannu?"

Na ce, "Ai ba mutum ba ne, Kawu."

Ka ce, "To ga shi ya yi fushi irin na mutane."

Daga ranar ka kafa doka. Kai za ka fassara mini amsoshin da ke kan allo, ni kuma sai na faɗi wadda na zaɓa da baki kafin in danna, in ba haka ba wai kwamfutar ba za ta karɓa ba. In na yi ƙasa-ƙasa da murya sai ka ce, "Ɗaga murya, Shiru, Dogo kunnensa ɗaya ne." Na yi wata huɗu ina yi wa kwamfuta magana da ƙarfi, har Inna takan leƙo daga kicin ta ga ko baƙuwa aka yi. Sai da wata 'yar ajinmu ta yi mini dariya na san kwamfutarka ba ta jin komai. Ban nuna maka na gane ba. Na ci gaba da faɗa, kai ma ka ci gaba da gyaɗa kai. Har yau ina mamaki, shin ka san na gane?

Shafin haraji ya fi kowanne tsawo, har ya zarce gefen takarda. Ka ce kada a ƙara haraji bayan ambaliya. Ka ce a zaga kasuwa da ƙafa kafin a taɓa adadin harajin. Amma wanda ba zan manta ba shi ne na kaji. Ka lura cewa in mutanen garin suna cikin wadata, kaji sukan yi yawa a titi, in sun matsu sai kajin su ragu. Ba a rubuta wannan ko'ina a wasan ba, kai ka gano da idonka. Ka rubuta: "Ki bar kallon akwatin kuɗi. Ki kalli kaji."

Ban ji ba. Na ga wata shuɗiyar alkyabba a kanti, na ninka haraji don in saya wa matafiyiyata. Asabar biyu kawai, maƙeri ya rufe maƙera, mai burodi ya yi ƙaura, titi ya zama wayam. Na zaci za ka yi faɗa. Ba ka yi ba. Ka ce in saka alkyabbar in bi garin gida-gida, in ƙwanƙwasa kowace ƙofa. Na ƙwanƙwasa goma sha ɗaya, ba wanda ya buɗe. Sai ka ce, "Na yi shekaru ina miƙa wa mutane takarda ta taga. In sun juya baya ban san inda suke zuwa ba. A nan ne kawai nake iya binsu gida." Ban gane maganar sosai ba a lokacin. Da na ga masu shaguna sun zo gaisuwa, wani tsoho mai sayar da takalma yana share ido yana cewa kai ne kake zaunar da shi ka karanta masa takardarsa layi-layi, sai na fara ganewa.

Sai shafi na uku. A ƙarshen garin akwai wata babbar ƙofa a jikin dutse, da mai gadi mai dogon gemu. Ba ya barin kowa ya wuce sai ya zaɓi wanda zai rusuna wa cikin allolin wasan guda uku: na ruwan sama, na ƙarfe, da na hanya. Da na isa wurin na cire hannuna daga linzamin kwamfutar. Na ce, "Kawu, in na danna, na yi saɓo?" Ka cire tabarau ka goge da bakin riga. Ka ce zane ne kawai, wani ne ya zana su yana shan shayi a ofis. Na ce, "To in danna?" Ka ce, "Tambaya ce mai kyau. Asabar mai zuwa."

Asabar ta zo, ka ce gadar garina tana buƙatar gyara. Ta gaba, akuyar wata mata ta ɓace a daji. Asabar biyar kana samo mini aiki. Na riƙa tunani a hanyar makaranta, wanne Kawu ya zaɓa? Na fi zargin na ruwan sama, saboda yadda kake ji da shukokinka na cikin gwangwani. Wani lokaci kuma in ce a'a, ƙila akwai ɓoyayyiyar hanya da kake jira in girma ka nuna mini. Asabar ta shida kana asibiti.

Ranar Lahadi, ana gobe za a kai kwamfutar, manya suna zaune a falonka. Na tsaya a bakin ƙofa na fi minti goma. Na shiga na fita sau biyu kamar mai neman wani abu. A na uku na yi yadda nake yi a gaban allo, na faɗi maganar a raina tukuna, sannan na ɗaga murya.

Na ce, "Yaya, don Allah kada a goge sai na duba wasan Kawu."

Umma ta dube ni kamar ba ita ta haife ni ba. Yaya Babba ya ce, "Ikon Allah! Ashe rediyon nan tana kama tasha?" Inna ta ce, "Kai dai ka cika tsokana. Ka tafi da yarinyar nan. Ita ce abokiyar ɗakin nan, ni ma sai na yi sallama ita da Kawunta suke barina in shiga."

Litinin bayan an tashi daga makaranta muka tafi. Yaya ya ɗauki akwatin kwamfutar kawai, ya bar allon a gida, ya ce wannan ya gama aiki. Gaskiyarsa ne, ƙasan allon ya tsage tun kafin in fara zuwa, ka manne wurin da baƙin salatif mai faɗin yatsa biyu. Shagon mai gyaran ƙarami ne, wayoyi ko'ina, da warin dalma. Ya haɗa akwatin da nasa allon, ya ja mini kujera, ya ce, "Bismillah, Hajiya ƙarama."

Na buɗe wasanka. Kawu, garinka! Kaji har kan rufin gidaje. Abokan tafiya tara, wasu ban taɓa ganinsu ba. Gada uku, rijiya a kowace unguwa. Na duba taswira don in ga ƙasashen bayan dutse, sai na ga duk wajen baƙi ne, ba a taɓa taka shi ba. Matafiyinka kuwa yana tsaye a gaban mai dogon gemu, daidai inda tawa take. Mai gyara ya duba kwanan wata ya ce shekara biyu ke nan da ka fara isa ƙofar.

Ashe kai ma ba ka wuce ba. Ka ce mini zane ne, amma yatsanka ya ƙi dannawa, kuma ba ka so ka ce mini ba ka sani ba.

Na matsa kusa da mai gadin, zaɓin ya fito. Na ruwan sama, na ƙarfe, na hanya. Sai na ga wani layi a can ƙasa, daidai inda salatif yake rufewa a allonka. Ban iya karanta shi duka ba, na nuna wa mai gyara da yatsa. Ya karanta ya ce, "Wai, ba na rusuna wa ko ɗaya a cikinsu. Ai wannan yana nan tun ranar da aka yi wasan. Tafiyar takan ɗan ƙara wuya, shi ke nan."

Yaya Babba ya fashe da dariya. Ya ce, "Baba! Sau nawa na ce zan sayo maka sabon allo, ka ce abin da wannan yake nunawa ya ishe ka!" Ya yi ta dariya har ya dafa bango, daga nan dariyar ta juye, ya juya mana baya. Mai gyara ya sunkuyar da kai yana shirya wasu wayoyi da ba sa buƙatar shiri. Tun ranar rasuwar ban ga Yaya ya yi kuka ba sai a shagon nan.

Da ya natsu ya ce, "Shiru, danna masa."

Na faɗi layin da baki, da ƙarfi, sannan na danna. Mai gemu ya ɓata rai ya yi gunaguni, amma ya matsa gefe. Ƙofar ta buɗe. Dogo ya shige gaba, Tsohuwa tana baya. Kawu, ka san abin da ke bayan dutsen? Gangare ne mai tsawo da jajayen furanni, a ƙarshensa teku, da ƙananan jiragen ruwa a ɗaure. Akwai wasu fararen tsuntsaye da ban san sunansu ba. Na kai ka har bakin ruwa na ajiye ka a nan. Mai gyara ya kwafe naka da nawa a wani ɗan ƙaramin abu kamar ƙashin dabino, ya ce ba abin da zai ɓace, sannan ya goge sauran.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da Yaya Babba da ƙannensa, da Ummata da ta rasa yayanta, da abokan aikinka, da masu shagunan da suka zo da ƙafarsu. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ya Allah, Ka jiƙan Kawuna, Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka ga bawanka da ya yi shekara biyu a tsaye don tsoron ya rusuna wa waninka, ko da a cikin wasa ne. Ka buɗe masa ƙofar Aljanna, kada Ka tsayar da shi a bakinta. Amin.