Gwangwanin da Aka Hana Ruwa

A shekarata ta ƙarshe a kwalejin horar da malamai aka tura ni wata firamare a wajen Gude, cikin ƙasar Kabo, in yi zango guda ina koyon koyarwa. Daga gidanmu a Gwarzo nake fita da sassafe, in hau mota zuwa bakin hanya, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. Aji huɗu aka ba ni, darasin kimiyya. Ƙa'idar kuwa a fili take: wani malami zai zo daga kwaleji, ya zauna a bayan aji ya ga yadda kike koyarwa, ya ba ki maki. A takarda sau uku ake zuwa, amma makarantarmu ta yi nisa da kwalta, kowa ya san sau ɗaya za a zo. In kin faɗi a ranar, sai baɗi. Ki sake zangon daga farko, 'yan ajinku su gama su bar ki.

Malamin da ke riƙe da ajin dattijo ne mai kirki, ya daɗe a aikin har ya koyar da iyayen wasu daga cikin yaran. Hanyarsa ɗaya ce: ya cika allo da Turanci, ya karanta, yara su amsa da ƙarfi har ƙura ta zubo daga silin. Ni 'yar gidan malamai ce, a Islamiyyar mahaifina na tashi, don haka ba zan raina hadda ba, na san amfaninta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in na tsayar da yaro na ce ya faɗa mini da Hausa abin da ya gama rerawa, sai ya zuba mini ido kamar na tambaye shi hanyar Makka. Na ce a raina, ni dai ba haka zan yi ba. Yarinta tana kaina a lokacin, da ji da kai irin na wadda ta karanta littafi biyu.

Ran Laraba aka kira ni a waya aka ce mai dubawa zai zo Litinin. Darasin da ya faɗo a makon shi ne abin da iri ke bukata kafin ya tsiro. Daɗi ya kama ni, na ce ga wurin da zan nuna kaina. Ran Alhamis na sa yara suka kawo gwangwanayen madara da ɗan wake daga gida. Muka zuba ƙasa a guda uku, muka binne wake biyar-biyar. Na ɗaya muka yayyafa masa ruwa daidai. Na biyu na ce kada ɗigo ya taɓa shi. Na uku muka cika shi da ruwa har ya shanye kan ƙasar, don kada iska ta kai ga waken. Na manna wa kowanne takarda, na jera su a kan taga, na ce ran Litinin za mu ga na ɗaya kaɗai ya fito. Na lura fuskokinsu sun canza lokacin da na ce a hana na biyu ruwa, amma na ɗauka gajiya ce.

Juma'a ba ni da darasi, ban je ba. Ran Litinin na riga kowa zuwa, na nufi tagar da saurina.

Duka ukun sun fito. Tsiro biyar-biyar, kore shar, sun sunkuyar da kai suna ture ƙasa. Na taɓa ƙasar gwangwanin da na hana ruwa, na ji ta da danshi. Na ɗaga na uku, wanda na nutsar, sai ga gindinsa an huhhuda shi da ƙusa, huji huɗu a jere, aiki mai tsafta. Tagar ajin dama ba ta da sakata. An shigo an taɓa su ke nan.

Ina tsaye da gwangwani a hannu malamin ajin ya shigo. Muka gaisa, ya tambayi gida da hanya da su Malam, ni kuwa ina amsawa sama-sama. Ya leƙa tagar, ya yi dariya har da riƙe ƙugu.

"Malama, ai 'ya'yan manoma kika ba ajiya. Kin taɓa ganin ɗan Gude ya binne iri ya tsaya yana kallonsa da ƙishirwa?"

Na ce, "Malam, yau fa ake zuwa duba ni."

"To, mene ne a ciki? Kife biyun nan a bayan aji. Ki ɗebo busasshiyar ƙasa ki zuba a ɗaya, ɗayan ki cika shi da ruwa, ga gwangwani nan birjik a ofis. Wa zai tona ya gani? Kafin ke na yi wa ɗalibai da yawa haka, duk sun wuce lafiya."

Ba mugunta ce ta sa ya faɗa ba, so yake ya fisshe ni. Har na kai hannu. Sai na tuna cewa yaran nan su suka zuba ruwan, su suka ga tsiron da idonsu jiya. In suka shigo suka tarar da busasshen gwangwani ba ko ganye ɗaya, ni kuma na tsaya ina cewa kun gani ko, bai fito ba, to abin da zan koya musu ke nan: kimiyya ita ce Malama ta sauya gwangwani kafin baƙo ya iso. Kuma za su amsa mini da ƙarfi, don sun iya amsawa. Wannan amsar ce na ji ba zan iya tsayawa in saurara ba.

Na ce, "Malam, na gode, amma a bar su yadda suke."

Ya dube ni ya girgiza kai. "Wanda ya riga ki kwana dai zai riga ki tashi. Allah ya ba da sa'a."

Mai dubawa ya iso wajen ƙarfe tara, da jaka da fom, yana ta duba agogo don akwai makarantu da yawa a gabansa. Ya karɓi takardar tsarin darasina, ya zauna a bencin ƙarshe. Na ɗauko gwangwanayen na jera a kan tebur. Na fara da Turanci, na ga ba inda za mu, na koma Hausa.

"Wa ya ba na biyu ruwa?"

Yara sun kai hamsin, ba wanda ya ɗago kai. Na ce ba duka zan yi ba, sani nake so. Can wata yarinya da ke gefen bango, wadda tun zuwana ban taɓa jin muryarta ita kaɗai ba, ta miƙe tana murɗa bakin hijabi.

"Malama, mu duka ne. Layi-layi muka raba. Ai alhaki ne."

"Alhakin me?"

"An binne shi, kuma a hana shi ruwa. Ba zai fito ba."

"Wa ya gaya miki ba zai fito ba?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. "Malama, ai kowa ya sani. In an yi binne ruwa bai sauka ba, haka iri yake zama a ƙasa."

Na ɗaga na uku na nuna hujin. Nan fa aji ya ɓarke. Wannan ya ce wake ba ya son ruwa ya kwanta masa, ruɓewa yake. Wancan ya ce shinkafa fa, ai a cikin ruwa take a fadama. Wata ta ce shinkafar ma ba a nutsar da irinta tun ranar farko. Na ce to me ruwan yake tare wa waken har ya ruɓe? Suka yi ta jefa amsa, wasu daidai, wasu shirme, har wani ya ce numfashi. Na ce ya sake faɗa kowa ya ji. Na manta da agogo, na manta da mutumin da ke bayan aji. Tunda na zo makarantar ban taɓa jin daɗin tsayawa gaban allo kamar ranar ba. Aka buga ƙarfen ƙarewar darasi ban rubuta ko layi ɗaya ba.

A ofishin hedimasta mai dubawa ya zaunar da ni. Ya lissafo laifuffukana yana bin fom da biro: kayan koyarwa sun saɓa wa tsarin darasi, aji ya zama kasuwa, na yi Hausa daga farko har ƙarshe, ba taƙaitawa a allo, ba aikin gida. Ya juyo takardar na ga makin. Bai kai na wucewa ba.

Ya ce, "Ba na son in kayar da ke. Zan je Dugabau in dawo nan da awa biyu. Ki gyara gwangwanayen nan su dace da abin da kika rubuta, ki sake darasin yadda aka koya miki, in yaga wannan."

Malamin ajin yana bakin ƙofa yana yi mini alama da ido. Na san abin da shekara guda take nufi. Na san zan koma gida in yi bayani, kuma ba kowa zai gane ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, darasin zan iya sakewa, da Turanci, da rubutu a allo, da komai. Amma gwangwanin da ya tsiro ba zan ce bai tsiro ba. In so ake a ga na gaskiya, a ba ni kwana huɗu."

"Ba ni da kwana huɗu."

"Ni kuma ba ni da wani gwangwanin."

Ya ce taurin kai ba ya kai ɗalibi ko'ina. Na ce haka ne. Ya miƙo biro, na sa hannu a ƙasan makin. Sai da na zaga bayan ajujuwa inda ba kowa na yi kukana, mai isata, na wanke fuska da ruwan buta na koma aji.

Muka sake shukar a ranar, amma sai da aka yi ciniki kamar ana sayen akuya. Suka ce wake biyar ya yi yawa a bar shi da ƙishirwa, muka sauko zuwa biyu. Suka ce kwana nawa, na ce huɗu, suka sa na yi alkawarin ran na biyar su za su ba shi ruwa da hannunsu. Sun cika nasu, ba wanda ya ɗiga masa ruwa, na cika nawa.

Sakamako ya fito, na faɗi. Da shekara ta zagayo aka tura ni wata makaranta a wajen Kara, na yi darasi lafiyayye wanda ba wanda ya yi gardama a cikinsa, na ci maki mai kyau. Ranar da 'yan ajinmu suka karɓi takardunsu suna ta turo hotuna a waya, ina kan acaɓa da kwalin alli a cinya. Ya yi mini ciwo, har yau in na tuna yana yi. Mutane da dama sun ce mini wauta na yi, shekara sukutum saboda wake goma. Ban taɓa yi musu musu a kan lissafin ba. Sai dai ba su ne za su tsaya gaban yaran nan su hamsin su faɗi ƙaryar ba, ni ce.