Kawu Katifa, Wanda Ba a Karyewa a Hannunsa

Kowace safiya, kafin masu shaguna su buɗe, Kawuna yana isa zauren wasanni da ke bayan tashar mota. Yakan jingine kekensa, ya cire takalmi, ya hau dandalin kokawa. Sai ya yi ta takawa a hankali daga kusurwa zuwa kusurwa, yana jin katakon da ke ƙarƙashin tamfol da tafin ƙafarsa. In ya ji inda ya ɗaga, ya durƙusa ya gyara. Daga nan ya bi igiyoyi ukun da suka kewaye dandalin, ya jingina da kowace da dukan nauyinsa. Akwai wanda aka ɗauka domin wannan aiki, amma shekara ashirin da bakwai Kawu bai taɓa yarda wani ya faɗi a inda shi bai taka ba.

Ga wanda bai sani ba, kokawar da Kawu yake yi irin wadda ake tsarawa ce. Tun kafin 'yan kallo su shigo, manaja ya riga ya faɗi wanda zai ci da wanda zai sha kaye. Faɗuwar dai ta gaske ce, ƙashin ma na gaske ne. Rabon Kawu a wannan sana'a shi ne shan kaye. A kansa ake gwada sababbi, a kansa ake ɗaga darajar zakaru. Ana ɗaga shi a maka shi da ƙasa a gari bayan gari, ya tashi ya kaɗe jiki ya hau motar komawa gida. 'Yan kallo suka sa masa suna Katifa don tsokana, shi kuwa ya sa aka ɗinka sunan a bayan rigarsa.

Ba zan ɓoye ba, ina ƙarama na sha jin kunyar wannan suna a makaranta. Sai da na shiga jami'a na samu ƙarfin halin tambayarsa, shi ma a hankali, muna zaune a tsakar gida.

"Kawu, ba ka gajiya da faɗuwa?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "'Yar boko, jefa mutum ai kowane ƙato ya iya. Sauke shi lafiya shi ne aikin."

Tsohon alƙalin wasan zauren ya tabbatar mini da haka. Ya ce tunda yake, bai ga an fitar da abokin karawar Katifa a kan gadon ɗaukar majinyata ba, ko sau ɗaya. Ya ce in sabon ɗan kokawa ya zo da zafin kai, Kawu ba ya koya masa kama ko jifa sai ya yi wata uku yana faɗuwa kawai, haɓa a manne da ƙirji, hannuwa a baje. Wasu kan yi fushi su tafi. Waɗanda suka zauna, har yau da ƙafafunsu suke tafiya.

Kawu, kai ne mai tarar na sama. Kai ne wanda ake yi wa ihu a fili, a zo a gode masa a ɗakin canja kaya.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa zuwa kallonsa ba, matarsa, wadda muke kira Inna. Duk ranar Asabar takan dafa ruwa ta ajiye man zafi, amma zauren ba ta taka shi.

"In je in ga ana yar da mijina kamar buhun gawayi?" in ji ta. "Ranar da zai ci, ku kira ni."

Ranar ta zo a watan da ya wuce. Gwiwoyin Kawu sun gaji, ya ce zai ajiye, manaja kuma ya yanke cewa wasan bankwana nasa ne: zai yi nasara, karo na farko a babban wasa. Abokin karawarsa shi ne Guguwa, zakaran zauren, wanda Kawun ne ya koya masa faɗuwa shekara tara da suka wuce. Tsarin mai sauƙi ne. Guguwa zai hau igiyar sama ya diro, Kawu zai mirgine gefe, Guguwa ya faɗi a banza, Kawu ya danne shi, alƙali ya ƙirga uku. Inna ta ɗinka sabon kaya, ta gayyato maƙwabta, muka cika layin gaba da yammacin Asabar.

Komai ya tafi daidai har Guguwa ya hau igiya. Ina kusa, na ga abin da ya faru. Gumi ya jiƙe igiyar, ƙafarsa ta dama ta zame daidai lokacin da ya tashi, sai ya taho da kai a ƙasa. Kawu yana kwance, ya riga ya fara mirginawa. Na ga idonsa ya ɗago. Sai ya komo inda ya baro, ya sa kafaɗa da hannuwa biyu ya tare shi.

Ƙarar da muka ji ta ƙashin kafaɗar Kawu ce. Guguwa ya zube a kansa, bayan Kawu yana manne da tamfol a gaban ɗaruruwan mutane. Alƙali ya tsaya yana kallonsa, hannunsa a sama. Kawu ya ce masa, har mu muna ji, "Ƙirga mana, me kake jira?" Ya ƙirga uku. Katifa ya sha kaye a wasansa na ƙarshe.

A ɗakin canja kaya muka tarar da Guguwa durƙushe, ƙato guda yana sharar hawaye.

"Baba, me ya sa ba ka kauce ba? Yau fa ranarka ce."

"In kauce ka sauka da me? Kan nan naka, ko ba komai a cikinsa, matarka tana son abinta."

Inna ta shigo da sabon kayanta. Ta dubi mijinta da ake ɗaure wa hannu. Sai ta juya ga Guguwa.

"Kai, juya wuyanka in gani."

Ya juya dama, ya juya hagu.

"To, alhamdu lillahi," ta ce. "Shekara ashirin da bakwai ina jira, ashe abin da yake yi ke nan ba wanda ya gaya mini. Malam, tashi mu je asibiti. Kuɗin ɗinkina dai bai tafi a banza ba."

Kawu yana samun sauƙi. Likita ya hana shi keke, don haka da ƙafa yake zuwa zauren da safe, hannu a rataye, ya cire takalmi ya taka katakonsa. Ya sa yanzu ana goge igiyoyi tsakanin wasa da wasa. Guguwa kuwa ya karɓi koyar da sababbi, kuma an ce a wata ukun nan na koyon faɗuwa ba ya rage wa kowa ko kwana ɗaya.

Kawu, na gode, kuma ka yafe mini kunyar da na ji ina yarinya. Mun gode a madadin duk matar da mijinta ya dawo mata gida da ƙafafunsa. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka huta da daɗi. Mu kuma da muke wasu sana'o'in, a ofis ko a kasuwa ko a aji, wata rana abokin aiki zai zame ya taho da kai a ƙasa, a daidai ranar da muka ci ado muna jiran tafi. Allah ya ba mu zuciyar komawa mu tare shi.